Zauren Anti: wai ɗaukar jariri yana ɓata shi?

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wannan watan kamar kun haɗa baki, duk saƙon da na buɗe sai in ga maganar jarirai ce, shi ya sa na ce bari kawai mu ba su filin gaba ɗaya. Masu tambayoyin zaman aure ku yi haƙuri sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Kamar kullum na cire sunaye, wasu saƙonnin kuma na rage musu tsawo don wata baiwar Allah sai da ta ba ni labari tun daga ranar da aka kai lefenta.

Tambaya ta farko, daga wata mai jego a Gusau:

"Anti barka da ƙoƙari. Haihuwata ta fari ce, yau kwanan yarona 46, ban daɗe da dawowa daga wankan gida ba. Matsalata da ya fara kuka na zabura zan ɗauke shi sai Hajiyar maigidana ta ce in ƙyale shi zan saba masa da hannu, wai kuma kuka yana buɗe wa yaro ƙirji. Ga shi kukan nasa sai ƙaruwa yake, kullum daga la'asar sakaliya har bayan isha'i, tana cewa a gidanmu aka sangarta shi. Ni kuma wallahi in yana yi har cikin hanjina nake ji. Ya zan yi?"

Ƙanwata ɗauki abinki. Amsar kenan, sauran bayanin don ki samu abin riƙewa ne duk ranar da zuciyarki ta fara raya miki ko ke ce mai laifi.

Kukan da kika ce ya ƙaru ba hannunki ne ya jawo shi ba, lokacinsa ne ya yi. Kukan jarirai yana fara hawa daga wajen sati biyu, ya kai ƙarshen tsananinsa wajen sati shida zuwa takwas, kuma da yamma ya fi yawa, sannan ya fara sauka in an doshi wata uku zuwa huɗu. Toh lissafa kwana 46 ki gani, kina tsakiyar wurin cif. Abin da ke haɗa rigima a gidajenmu shi ne lokacin yana faɗowa daidai da gama arba'in, yarinya ta dawo ɗakinta yaro ya ɓalle da kuka, sai a ce ai can gidansu aka lalata shi, alhali ko a ina yake haka zai yi.

In kuma aka ce miki wai wayo yake miki, haba, yaron wata ɗaya da rabi ina ya ga ƙwaƙwalwar da zai zauna ya ƙulla cewa bari in yi kuka in juya matar nan. Kukan nan shi kaɗai ne bakinsa, yunwa da shi zai faɗa, zafi da shi, jiƙewar kunzugu da shi, kewar jikinki ma da shi. A 1986 wasu likitoci biyu a Montreal ta ƙasar Kanada, Hunziker da Barr, sun raba uwaye 99 da jariransu gida biyu, aka ce wa ɓangare ɗaya su ƙara yawan ɗaukar yaran a jikinsu ko suna kuka ko ba sa yi. Da yaran suka kai sati shida sai aka ga waɗanda ake yawan ɗauka kukansu ya ragu da kashi 43 cikin ɗari a kan na sauran. Kinga sai da Turawa suka zauna da biro da takarda kafin su gano abin da kakarki take yi da majanyi ba ta ma san sunansa bincike ba.

Tun kafin su ma, a wajen 1958, wani masanin halayya a jami'ar Wisconsin ta Amurka mai suna Harry Harlow ya raba 'ya'yan birai da uwayensu, ya haɗa musu uwar ƙarya guda biyu, ɗaya da ragar ƙarfe aka yi ta amma ita ke da fidar madara, ɗayar an lulluɓe ta da tsumma mai laushi ba ta da ko ɗigon abinci. 'Yan biran nan sai su je su sha madara wajen ta ƙarfen da sauri su dawo su ƙanƙame mai tsumman su yini a jikinta, in an tsorata su ma wajenta suke gudu. Gwajin akwai rashin tausayi a ciki gaskiya, ni ba na iya kallon hotunan, amma ya rufe bakin masu cewa yaro nono kawai yake so a wajen uwa. Mu kuwa muna da abin da ya fi wannan, Manzon Allah (SAW) yakan shiga sallah da niyyar tsawaitawa, in ya ji kukan yaro sai ya taƙaita saboda ya san halin da uwar take shiga.

Hajiya kuma kar ki yi musu da ita, ba za ki ci riba ba, kuma ba ƙin jikanta take ba, ita ma haka aka faɗa mata. Dabarar ita ce goyo. Ban taɓa ganin surukar da ta hana goyo ba, in kin ɗauke shi a hannu kina jijjiga shi ne ake ganin sangarta, in kin goya shi kina shara kuwa sai a ce yarinyar nan akwai ƙoƙari. Ki dai tabbatar wuyansa ya samu madogara kuma hancinsa a buɗe yake. Abu biyu kar ki manta: duk yadda kukan ya kai ki bango kar ki girgiza shi da ƙarfi, yana iya jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa, gara ki kwantar da shi ki fita tsakar gida ki sha iska minti biyar. Sannan in akwai zazzaɓi, ko ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya saki, wannan ba na goyo ba ne, asibiti za ki nufa a ranar.

Ta biyu daga wani ɗan'uwa ce, ya ce shi direban tirela ne:

"Anti ni ina lodi Kano zuwa Legas, wani lokaci sai in yi sati uku ban kwana gida ba. 'Yata watanta takwas. Da can in na dawo ina ɗaukarta take dariya, wannan dawowar kuwa ina miƙa hannu ta ƙwalla ƙara kamar ta ga dodo ta maƙale uwarta. Yayata ta ce ba banza ba, ko uwar ce ke raba ni da ita ko an yi wa yarinyar wani abu. Abin ya tsaya min a rai har na kasa cin abinci."

Malam ci abincinka, kuma don Allah kar ka bari maganar Yaya ta shiga tsakaninka da iyalinka. Ƙiwa ce, sunanta kenan tun kaka da kakanni, kuma albishir ce ba musiba ba. Yawancin yara tana fara musu tsakanin wata shida zuwa tara, takan yi ƙarfi wajen shekara ɗaya, daga baya ta lafa a hankali. Dariyar da take maka tana wata huɗu, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, mai kayan miya ma in ya leƙo ya washe mata baki za ta yi masa irinta. Yanzu ne kanta ya yi ƙwarin da take ware fuskar da ta saba gani kullum da wadda ta kwana biyu ba ta gani ba, kuma sati uku a wajen mai wata takwas ba ƙaramin zamani ba ne.

Akwai wani abu kuma da yake faruwa a kanta a daidai wannan lokacin. Jean Piaget, wani masani ɗan ƙasar Suwizalan da ya rasu a 1980, 'ya'yansa uku ya zauna yana kallo tun suna tsumma yana rubuta duk motsinsu, ya lura cewa ƙaramin jariri in ka rufe abin wasansa da ƙyalle shikenan ya bar nemansa kamar abin ya bar duniya, sai wajen wata takwas yake fara ɗaga ƙyallen ya duba. Masu bincike na baya sun nuna yara suna da ɗan wannan sanin tun kafin lokacin da ya faɗa, amma neman abin da hannu dai a nan yake bayyana. Ka gwada da kanka, ka ɗauki makullin motarka ka kaɗa mata shi har idonta ya kama, sannan ka kifa hularka a kai tana kallo. Za ka ga ta tsaya, ta kalle ka, ta kalli hular, sai ta miƙa hannu ta ture ta. Yarinyar da ta san makulli yana nan ƙarƙashin hula ita ce ta san uwarta tana nan ko ta fita daga ɗaki, shi ya sa yanzu take kukan a dawo mata da ita, da kuwa ba ta yi.

Kuma kar ka ɗauka wai zuciyar yaro mutum ɗaya take ɗauka. Matar da ta fi kowa suna a binciken shaƙuwar jariri da mai rainonsa, Mary Ainsworth, a ƙauyukan kusa da Kampala ta Yuganda ta yi bincike a 1954, tana shiga gida gida tana zama da uwaye. A can ta lura yaro yana mayar da uwarsa kamar masauki, ya rarrafa ya je ya taɓa wani abu, ya waiwayo ya ga tana nan, ya ƙara gaba, in ya tsorata ya dawo da gudu. Mu ma an zo gidajenmu. A 1977 Robert Marvin da Robert LeVine da abokan aikinsu sun fitar da binciken da suka yi a kan jarirai 18 a gidajen Hausawa irin na gandu masu mata da yawa, suka ga yaro ɗaya yana shaƙuwa da mutum uku ko huɗu a lokaci guda, sai dai akwai wanda ya fi jingina da shi, kuma shi ne wanda ya fi ɗaukarsa da kula shi, ko da ba uwar da ta haife shi ba ce. Kaga kenan akwai gurbinka, zama ne kawai yake so.

In ka dawo daga tafiya kar ka shigo da sallamar nan taka mai ƙarfi ka sure ta sama, ga warin gas ga gemu ya taru. Yi wanka, ka zauna a tabarma ɗan nesa da ita, ka yi ta hira da uwar kuna dariya. Yara a wannan shekarun fuskar uwa suke dubawa kafin su yanke hukunci a kan mutum, in ta ga uwarta ta sake da kai ita ma za ta sake. Ajiye makullin nan a tsakaninku ka yi kamar ba ka san da ita ba. Da kanta za ta rarrafo, wataƙila a ranar wataƙila sai washegari. In kana hanya kuma ka riƙa kiran bidiyo ko na minti uku ne kana kiran sunanta.

Tambaya ta uku biyu ce na haɗe don amsarsu ɗaya. Wata daga Zinder ta ce yaronta ɗan fari ne, tana jin nauyin a ganta tana masa wasa ko magana a gaban mutanen gida, kuma ma "me zan ce masa Anti tunda ba ji yake ba". Wata kuma daga Kaduna ta ce tana kunna wa ɗanta mai wata bakwai katun na Turanci a waya kullum don ya taso da Turanci a bakinsa, tana tambaya ko awa nawa ya kamata.

Ta Zinder, yana ji. Tun yana ciki yake ji, a watannin ƙarshe na ciki kunne ya riga ya fara aiki. A 1980 wasu masu bincike biyu, DeCasper da Fifer, sun sa wa jarirai 'yan kwana uku wani abin tsotso da aka haɗa da na'ura, in sun tsotsa ta wata siga su ji muryar uwarsu, in sun canza su ji ta wata mace daban, yaran nan suka riƙa tsotsa ta yadda muryar uwar za ta fito. Ɗan kwana uku fa. Idonsa kuma a farkon nan abin da ke kusa kawai yake gani sosai, wato daidai tazarar daga ƙirjinki zuwa fuskarki in kina ba shi nono.

Abin da ya fi ba ni mamaki a duk karatun nan shi ne na harshe. Jariri yana zuwa duniya da kunnen da zai iya bambance sautukan kowane yare. Janet Werker a Kanada ta gwada 'ya'yan masu jin Turanci da wasu sautukan yaren Hindi guda biyu da iyayensu ba sa iya rabewa, a 1984 aka buga sakamakon: 'yan wata shida zuwa takwas suna jin bambancin sarai, amma kafin su cika shekara yawancinsu sun daina ji, kunnen ya tattara ya koma kan yaren gida. Toh ki kawo shi kan namu. Bambancin ɓari da bari, ƙafa da kafa, ɗaki da daki, wanda baƙo zai shekara goma a Kano yana fama da shi, ɗanki a watannin nan da kike cewa ba ya ji yake ajiye shi a kansa, kuma daga bakin mutanen da ke masa magana yake ɗauka.

Ta Kaduna, nan ne zan ɓata miki rai kaɗan. Patricia Kuhl a jami'ar Washington ta gwada abin da kike yi ɗin nan a 2003. Jarirai 'yan wata tara na Amurka, aka yi musu zama goma sha biyu da yaren Sin. Wasu mutum ne a gabansu yana musu wasa yana karanta musu littafi, wasu kuma mutanen nan dai aka nuna musu a talabijin, wasu murya kawai. Waɗanda suka zauna da mutum suka kama sautukan, na talabijin da na murya kuwa kamar ba a yi ba, daidai suke da yaran da ba su taɓa jin yaren ba. Kenan datarki kawai kike ƙonawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a ƙa'idar da ta fitar a 2019 cewa ta yi yaron da bai kai shekara biyu ba kar a zaunar da shi gaban allo, mai shekara biyu kuma kar ya wuce awa ɗaya a yini. In Turancin kike so ki yi masa da bakinki, yaro yana iya ɗaukar yare biyu ba ya rikicewa.

Kwanaki na raka 'yar ƙanwata rigakafi, muna kan benci muna jiran layi, ga wata yarinya kusa da ni da ɗanta a cinya ba zai wuce wata biyar ba, ita kuma tana ta danna waya. Yaron ya kalli fuskarta ya ce "aa", shiru. Ya ƙara da ƙarfi har da ɗaga gira, shiru. Ya daki ƙirjinta da hannu, ta gyara masa zama ba ta ko kalle shi ba. Sai na ga ya juya kai gefe ya cusa yatsu a baki ya zuba wa bango ido. Ban ga laifinta ba, wa ya san daren da ta kwana, ni ma ina yi. Amma abin da na gani a bencin nan shi ne ainihin gwajin da wani masani mai suna Edward Tronick ya yi a shekarun 1970, a ce wa uwa ta daskare fuskarta na minti biyu kacal, yaro ya yi ta ƙoƙarin dawo da ita da murmushi da ihu da miƙa hannu, in ya gaza sai ya kau da kai ya shiga damuwa. Daɗin abin shi ne da uwar ta dawo ta kula shi yake warwarewa. Ba a ce ki zauna kina kallonsa awa ashirin da huɗu ba, wa zai yi girki, amma in ya ce "aa" a samu wanda zai ce masa "na'am, me ka ce?"

Kunyar ɗan fari kuwa ni ba zan ce ki yar da ita ba, al'ada ce kuma da can tana da maganinta a cikinta, don in uwa ta kau da kai akwai kaka da gwaggo da abokiyar zama da 'yan yara cike da gida masu yi masa rawa da waƙa. Matsalar yanzu ita ce a ɗauki kunyar a kai ta gidan haya inda daga ke sai shi sai bango huɗu. In kin shiga ɗaki kin saki labule ai ba mai ganinki. Ba sai kin nemo abin faɗa ba, abin da kike yi za ki riƙa faɗa masa, "bari mu cire rigar nan, kai ruwan da sanyi ko, ina ƙafar, ga ƙafar", in ya yi gwaranci ki tsaya ya gama sannan ki amsa kamar ya faɗi magana. Kar ki raina wannan. A Kingston ta Jamaika a 1986 aka ɗauki yara 129 da rashin abinci ya tsumburar da su, wasunsu aka riƙa tura ma'aikatan lafiya gidansu sau ɗaya a sati tsawon shekara biyu suna koya wa uwayen wasa da hira da yaran, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara ashirin aka bi sawunsu, waɗanda aka yi wa wasan suna samun kuɗin da ya fi na sauran da kusan kashi 25 cikin ɗari.

Ta huɗu gajera ce, daga Kumasi: "Ɗana watansa 14 bai fara tafiya ba, bai ma yi rarrafe ba sai jan gindi, ɗan maƙwabciyata kuwa tun wata goma yake gudu."

Ki daina leƙa gidan maƙwabciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi yara 816 a ƙasashe biyar, kuma Gana ɗinku tana ciki, sauran su ne Indiya da Nowe da Oman da Amurka. Yara masu lafiya sun fara tafiya da kansu tun daga wata takwas har zuwa kusan wata goma sha takwas, duk lafiyarsu ƙalau, kuma wajen huɗu cikin ɗari ba su yi rarrafe ba kwata-kwata. In yana kama kujera ya miƙe, yana bin bango, yana juyowa in an kira sunansa, yana nuna abu da yatsa, ki sauke shi daga baya ki bar shi a ƙasa ki riƙa masa tatata. In ya kai wata 18 bai taka ba, ko kin ga ɓari ɗaya na jikinsa ba ya aiki kamar ɗayan, ko wani abin da ya iya da ya ɓace masa, toh a ga likitan yara kar a tsaya jiƙe-jiƙe.

Ta biyar, daga Katsina: "Zan yaye 'yata, wata 20. Innata ta ce in kai mata ita ƙauye ta yi wata guda kamar yadda aka yi mana. Yarinyar sau biyu kawai ta taɓa ganin Inna."

A ƙarshen tambayarki amsar take. Yayen gidan kaka ya yi aiki a da saboda kakar tana nan bayan katanga, yaro ya san ƙamshin zaninta. Wadda aka gani sau biyu kuwa baƙuwa ce a wajen yarinyar ko da ita ta haife ki, sai ya zama rana ɗaya an ɗauke mata nono an ɗauke uwa an ɗauke gida. John Bowlby da James Robertson a Ingila sun bi yaran da aka raba da uwayensu a asibitoci a farkon shekarun 1950, lokacin ba a barin uwa ta kwana da ɗanta, suka ga matakai uku: yaro ya yi ta kuka da bore, sannan ya yi lamo ya daina, sannan in uwar ta zo ya kau da kai kamar bai santa ba. Wannan lamon shi muke cewa "ai ta haƙura", kuma ba kullum ne haƙuri ba. Ni shawarata ki roƙi Inna ta zo ta yi muku sati biyu, ki fara janye nonon rana, na dare ya zama na ƙarshe, yarinyar ta riƙa kwana a bayan Inna amma da safe ta ganki. Inna ta samu yayenta ke ma kin samu 'yarki.

Ta ƙarshe ba ta faɗi garinsu ba, kuma sai da na karanta saƙon sau uku:

"Anti don Allah kar ki zage ni. Wata biyu da haihuwata amma ba na jin son yaron. Ina ba shi nono ina masa wanka amma kamar ɗan wani. Kullum kuka nake a banɗaki, ba na barci ko ya yi barci, abinci ba ya shiga. Na faɗa wa yayata ta ce in yi istigfari wasu nema suke ba su samu ba."

'Yata ba zan zage ki ba, kuma ke ba muguwar uwa ba ce, muguwar uwa ba ta ɓuya a banɗaki tana kuka a kan abin. Abin da kika lissafa ya yi kama da ciwon damuwa na bayan haihuwa, ciwo ne kamar hawan jini, ba raunin imani ba ne ba kuma butulci ba. 'Yar ƙuncin da mata da yawa ke ji a kwanakin farko tana wucewa kafin sati biyu, wadda ta kai wata biyu ta hana barci ta hana ci kuwa tana son magani. Kuma ba ke kaɗai ba ce, ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar tana shiga irin wannan bayan haihuwa, wato a duk taron sunan da kika je akwai irinki a zaune sun sha kwalliya suna murmushi.

Ki yi istigfarin, ki yi addu'a, sannan ki je asibiti, ba sa karo da juna. Ranar da za ki kai shi rigakafi ki ja nas ɗin gefe ki faɗa mata abin da kika faɗa min kalma da kalma, ko ki nuna mata saƙon nan a wayarki in bakinki ya yi nauyi, ki ce a haɗa ki da likita. Manyan asibitocin koyarwa suna da sashen wannan, akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta Sakkwato, kuma akwai magungunan da mai shayarwa take iya sha. In wani tunani ya taɓa zo miki na cutar da kanki ko yaron, kar ki jira ranar rigakafi, yau ɗin nan ki faɗa wa wani babba da kika yarda da shi a tafi da ke.

Yaron kuma kar ki sa shi cikin abin da zai ƙara miki nauyi. Kin ji abin da na faɗa wa direban nan, yaro yana ɗaukar mutum uku huɗu, a samu wata a gidan ko cikin dangi ta riƙa karɓarsa tana masa wasa kafin ki dawo daidai, maigidan ma ya karɓi wani ɓangare na daren ki samu barcin awa huɗu a jere. Son da kike nema yakan zo a hankali in ciwon ya fara sauka, wata sai ranar da yaron ya fara mata murmushi take jin abin ya motsa. Ki sake rubuto min bayan kin ga likitan, ki sa "mai wata biyu" a saman saƙon don in gane ke ce.